Littafin aikin bindigar saiti, Afrilu zuwa Agusta 2024

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi ƙaramar Sallah ranar Laraba, yau na samu natsuwa na buɗe wannan littafi. Shekara biyu ke nan ina zuwa wani filin harbi a yammacin Houston da bindigar shago, irin wadda ake saya a haɗe. Ta yi mini iya abin da za ta iya: a yadi 100 tana tara harsashi biyar cikin inci ɗaya da rabi, ran da ba ta so ba har inci biyu. Yanzu ina so in harhaɗa tawa da sassan da na zaɓa da kaina, in gani da idona mene ne yake sa harsashi ya bi sawun ɗan'uwansa. Na tambayi mutane da yawa a filin. Wannan ya ce bututu ne, wancan ya ce madubin saiti, wani kuma ya ce kuɗi ne kawai, duk wanda ya kashe da yawa shi ne gwani.

A nan Teksas harbin takarda da farantin ƙarfe wasa ne da ake gasa a kansa, kuma komai bisa doka nake yinsa. Kakana maharbi ne, da bindigar toka ya yi rayuwarsa, yana auna albarushi a tafin hannu. Shi gwanintarsa a sanɗa take, ya lallaɓa har sai ya kusanci dabba. Wannan wasan kuwa daga nesa ake yinsa, don haka komai ya koma kan awo.

Abin da na tsayar: harsashin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007, saboda shurinsa da sauƙi kuma ana samunsa a kowane shago. Gidan sakata, wato ƙarfen tsakiya da sakata ke zirga-zirga a ciki, na zaɓi mai siffar Remington 700, tsarin da yake tun 1962, domin kusan kowace ƙota da kunama ana yinsu daidai da shi. Bututu inci 26, mai kauri, zanen cikinsa yana murɗa harsashi sau ɗaya a kowane inci 8.

Lissafin farko da dala: gidan sakata 1,050, ɗanyen bututu 400, aikin maƙeri 450, kunama 200, ƙota 750, gidan jigida da ƙarfensa 250, madubi 1,500, zobban madubi da gindinsu 200, ƙafafun gaba da jakar yashi 170. Jimla 4,970. Uwargida ta duba takardar ta ce, "Baban yara, ka dai rubuta duk abin da ya ƙaru, kada ka tsallake ko sisi." Na yi mata alkawari.

Burina faɗin gungun huji kada ya wuce rabin MOA, wato ma'aunin kusurwa da maharba ke amfani da shi. MOA ɗaya kusan inci ɗaya ne a yadi 100, ainihinsa 1.047, inci biyu a yadi 200, haka har gaba.

Laraba, 17 ga Afrilu

Gidan sakata ya iso wurin dillali mai lasisi. A dokar Amurka shi ne bindigar, shi ke ɗauke da lamba, don haka ba a kawo shi gida kai tsaye kamar sauran sassan. Na cike fom 4473 da mai sayen bindiga ke cikewa, aka binciki sunana a tsarin FBI, na biya dala 30 na karɓa.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na kai wa maƙerin bindiga kayan, tafiyar awa ɗaya da rabi daga gida. Dattijo ne da ya haura saba'in, shagonsa a bayan gidansa, ƙanshin mai da ɓarɓashin ƙarfe ko'ina. Na roƙi ya bar ni in tsaya in kalli yadda yake daidaita wani bututu da ke kan injin, ya ce in tsaya amma kada in taɓa komai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne har kusan awa guda bai yanka ƙarfe ba. Ya zura wani siririn tsinke cikin bututun, ya ɗora masa agogon awo wanda kowane layi a fuskarsa ɗaya ne cikin dubu goma na inci, yana juya bututun da hannu a hankali. Allurar ta yi dama, ya sassauta noti ɗaya ya ɗaure na gabansa. Ta yi hagu, ya koma. A haka har allurar ta kusa daina motsi. Ya ce ramin bututu ba ya taɓa zama a miƙe ɗari bisa ɗari, don haka ba bayan ƙarfen yake bi ba, ramin yake bi, domin mazaunin harsashi ya fuskanci zanen ciki sak. In harsashi ya shiga zanen a karkace, a karkace zai fita.

Na tambaye shi me ya fi muhimmanci. Ya share hannu ya ce, "Samari, bututu da harsashi. In waɗannan biyun suka yi jituwa, aikin sauran sassan kada su ɓata musu. Gidan sakatan da ka kashe dubu a kansa zai yi maka daɗin aiki, amma ba shi ke jefa harsashi ba." Ya kuma nuna mini leɓen bakin bututu, inda iskar albarushi ke kufcewa ta bayan harsashi. In gefe ɗaya ya ɗan lanƙwashe ko ya samu tabo, iskar za ta fara fita ta nan ta ture gindin harsashin.

Mun yi maganar yadda ake zanen ciki. Akwai masu yanka shi layi-layi da wuƙa guda, kamar Krieger da Bartlein a Wisconsin, akwai masu jan wani dunƙulen ƙarfe mai tauri ta cikin ramin ya buga zanen gaba ɗaya, kamar Shilen a nan Teksas, manyan masana'antu kuma suna daka bututun da guduma a kan sanda mai zane. Ya ce ya ga zakaru daga kowane kashi na biyun farko, ya kuma ga ragwaye. Sati huɗu ya ba ni.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na sayi harsashi 200, mai nauyin giren 140, wato giram 9, duk lambar tukunya ɗaya, wato waɗanda masana'anta ta yi a zubi guda. Dala 400. Na kuma sayi na'urar auna gudun harsashi ta Garmin, dala 600, wadda ba ta cikin lissafin farko.

Asabar, 18 ga Mayu

Guguwar daren Alhamis ta yi ɓarna a gari, tagogin dogayen benaye sun farfashe, unguwanni da yawa ba wuta. Mu Allah ya tsare, katangar katako ce kawai ta faɗi. Dattijon ya ce ba abin da ya same shi, aiki na tafiya.

Asabar, 25 ga Mayu

Na karɓo. Bututu a ɗaure jikin gidan sakata, fes. Na haɗa sauran a gareji bayan la'asar: kunama, ƙota, zobba, madubi. Sukundireban hannu na yi amfani da shi, na ɗaure kowane noti har sai da na ji ya kama. Na saita nauyin latsa kunama a laba ɗaya da rabi. Da madubi da komai ta yi kilo 7.

Asabar, 1 ga Yuni

Ranar farko. Ƙarfe takwas na safe, iska kwance. Harsashi shida na yi amfani da su na kawo saiti tsakiya, sannan na juya sabuwar takarda. Uku na farko suka shiga jikin juna kamar ganyen da ya fito a reshe ɗaya, na auna inci 0.3. Sai da na ji bugun zuciyata a kunne. Na ɗauki hoto na tura wa wani ƙanena da muke zuwa filin tare, ya rubuto, "Yaya, an gama, sai gasa."

Wani mutum a benci na kusa, wanda na san yana gasar yadi 1,000, ya leƙa ta madubinsa ya yaba, sannan ya ce in ƙara bakwai a wuri ɗaya kafin in cire takardar. Na ƙara. Na huɗu ya shiga gungun, na biyar ya hau sama da rabin inci, na bakwai ya tafi dama. Da aka cika goma gungun ya zama inci 1.3. Na ce masa biyu daga ciki ni ne na fizgi kunama. Ya tambaye ni ko na san haka tun kafin in ga inda suka faɗa. Gaskiya ban sani ba, sai da na ga hujin na nemo musu dalili. Daga yau na kafa wa littafin nan doka: duk harsashin da ya fita ana lissafa shi, sai wanda na faɗa da bakina ya lalace kafin in duba takarda.

Gudu: matsakaici ƙafa 2,745 a sakan. Kwalin ya ce 2,710, amma da bututun inci 24 suka auna. Harsashi 30 yau.

Asabar, 8 ga Yuni

Ranar baƙin ciki. Gungun farko na biyar inci 1.1. Na biyu inci 1.6, kuma tsakiyarsa ta matsa sama da dama daga inda na bar saiti makon jiya. Na uku ya dawo ƙasa. Wannan ya fi faɗin gungu tayar mini da hankali, domin bindigar da ke watsawa a wuri guda ana iya zama da ita, amma wadda tsakiyarta ke yawo ba a san inda za a kama ta ba. Na zargi zafi, na bar bututu ya huce minti goma sha biyar, ba canji. Na zargi harsashi, amma na'ura ta nuna gudunsu bai bambanta da na makon jiya ba. Na fara zargin bututun, har na fara lissafin kuɗin wani a raina. Harsashi 35 suka tafi a haka.

Da na dawo gida na kira dattijon. Bai ce komai kan bututu ba. Ya ce in ɗauki takardar dala in zura ta tsakanin bututu da ƙota tun daga gaba har gindi. Na zura, ta wuce sumul. Ya ce to in kafa bindigar kan ƙafafunta, in danna kafaɗa kamar zan harba, wani ya zura mini. Ɗana ya zura, sai takardar ta tsaya cak a gefen hagu, kamar inci uku daga gaban ƙota. Ashe idan na jingina nauyina goshin ƙotar yana lanƙwasawa ya taɓa ƙarfe. Bututu yana kaɗawa kamar tsirkiya lokacin da harsashi ke ratsa shi, kuma ba laifi ba ne muddin kaɗawar iri ɗaya ce kowane lokaci. Yau ya taɓa, gobe bai taɓa ba, shi ne matsalar.

Na biyu kuma laifina ne ni kaɗai. Da na cire madubi don in duba, notin gaba na gindin zobba ya juya da ɗan yatsa. Na zauna na yi lissafi a bayan ambulan: tsakanin zobban biyu inci huɗu ne, in gaba ya motsa da ɗaya cikin dubu na inci, wanda bai kai kaurin silin gashi ba, saiti zai kauce kusan inci ɗaya a yadi 100. Na ɗora madubin dala 1,500 a kan notin da na ɗaure da ƙiyasi. Na yi odar sukundireba mai awo, dala 60.

Asabar, 15 ga Yuni

Na koma wurin dattijon da ƙota. Ya ƙara faɗin kwarin da bututu ke kwanciya har kwali mai kauri ya wuce, sannan ya cire gidan sakata ya nuna mini wurin zamansa: tabo biyu masu sheƙi, ɗaya gaba ɗaya baya a gefe, nan ne kawai ƙarfe ke taɓa ƙota. Ya ɗora agogonsa a kan bututu ya sassauta notin gaba, allura ta yi tsalle. Ma'ana idan an ɗaure, gidan sakata a murɗe yake zaune. Zai yi masa shimfiɗa da gam ɗin nan mai haɗi biyu, ya danna ƙarfen a ciki ya bushe da siffarsa, ta yadda kowane shuri zai dawo da shi gurbinsa na jiya. Dala 200. Gobe babbar Sallah, sai mako mai zuwa.

Asabar, 22 ga Yuni

Na karɓo, na ɗaure komai da awo kamar yadda masu sassan suka rubuta: notin ƙota inci-laba 65, murfin zobba 18. Na ja layi da farin fenti a kan kowane noti don in ga in ya juya. Harsashi 20 don gwaji, gungu huɗu na biyar-biyar: 0.55, 0.9, 0.6, 0.75. Tsakiyarsu wuri ɗaya. Jimlar harsashi 85.

Asabar, 29 ga Yuni

Yau na yi gwajin da ya kamata in fara da shi. Harsashi iri uku, ashirin-ashirin, kowane iri a takardarsa. Ina harba biyar, in bar bututu ya huce, in koma wani irin, don kada wani ya ci ribar sanyin safe. Nawa na giren 140 ya ba da inci 1.0. Wani mai giren 140 na wani kamfani, wanda ya fi tsada, inci 1.35. Mai giren 130, inci 1.05. Na farko da na uku ba zan ce wani ya fi wani ba, tazarar ta yi ƙanƙanta. Na biyu dai bututuna ba ya sonsa, alhali mutumin benci na kusa da shi yake cin gasa.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne da na bi hujin nawa ashirin bisa jerin da suka fita, na raba su uku-uku. Akwai ukun da suka yi 0.25, akwai waɗanda suka yi 0.85. Bindiga ɗaya, safiya ɗaya, kwali ɗaya. Da a ce na canza wani abu tsakanin waɗannan ukun da waɗancan, da na rantse canjin ne ya yi aiki. Lissafin ƙididdiga ma haka ya nuna: ko ba abin da ya canza, gungun goma kan fi na biyar faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, na ashirin kuma ya kusa ninki ɗaya da rabi. Injiniyoyin Hornady sun fito fili a 2022 suna cewa gungun uku ko biyar ya yi kaɗan a yanke hukunci da shi. Yanzu na koma auna nisan kowane huji daga tsakiyar gungu in ɗauki matsakaici, saboda a nan kowane harsashi yana da baki, ba guda biyun da suka fi nisa kaɗai ba. Nawa ya kama inci 0.28.

Me ya sa harsashi ke da wannan tasiri haka? A gudun 2,750 da murɗar inci 8, yana juyawa kusan sau 250,000 a minti. In rigar tagullar da ke jikinsa ta fi kauri kaɗan a gefe guda, bututu yana riƙe shi dole ya juya a tsakiyar ramin, amma da ya fita sai ya koma juyawa a kan tsakiyar nauyinsa, kuma a wannan sauyin yake ɗan kaucewa. Ba noti ko gam da zai gyara wannan.

Akwai kuma ƙiyasin Bryan Litz, masanin tafiyar harsashi: a raba ƙarfin harsashi a bakin bindiga da nauyin bindigar a laba, a sake rabawa da 200, abin da ya fito shi ne MOA da za a sa rai a gungun biyar. Nawa ƙarfin kusan ƙafa-laba 2,350 ne, nauyi laba 15.4, amsa 0.76. Matsakaicin da na samu makon jiya 0.7. Ban ji daɗin amsar ba, amma na yarda da ita. Bindigata tana yin abin da bindiga mai wannan nauyi ke yi. Harsashi iri biyu da na sayo don gwaji dala 95. Jimlar harsashi 145.

Asabar, 13 ga Yuli

Guguwar Beryl ta shigo ranar Litinin, gidaje sama da miliyan biyu suka rasa wuta, mu kwana biyar muka yi cikin zafi da laima. Ba maganar fili. Na goge bindigar na shafa mai, na samu ɗigon tsatsa biyu a kan notin zobe.

Da dare, da fitilar caji, na riƙa atisaye ba harsashi: in tabbatar mazaunin harsashi fayau, in kwanta a falo, in saita kan kan ƙusa a bango, in latsa kunama ina kallon gicciyen cikin madubi. Cikin goma, sau uku ko huɗu yana ɗan zamewa dama da ƙasa daidai lokacin da kunama ta saki. Ba ƙara ba shuri, ba abin da zan ɗora wa laifi.

Na tuna da labarin da masu harbin benci ke yawan bayarwa na wani katafaren sito a nan Houston, inda Virgil King da abokansa suka riƙa harbi a ciki daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980. A rufe yake, ba iska ba kawalwalniya, sai suka ga ainihin abin da bindiga ke iya yi, gungu biyar kamar huji guda. King ya fi ba da ƙarfi ga gyaran kwanson harsashi, kowane ya zama tagwayen ɗan'uwansa. Ni ban kai ga ɗura harsashi da kaina ba tukuna, na shago nake amfani da shi.

Asabar, 27 ga Yuli

Na roƙi mutumin benci na kusa ya harba bindigata, goma shi goma ni, kwali ɗaya. Nasa inci 0.7, nawa 0.95. Na san goma-goma ba hujja ba ce cikakkiya, amma abin da ya gani a jikina ya fi lambar amfani.

Na farko, ya ce in kafa saiti in cire hannu, in motsa kaina sama da ƙasa a bayan madubi. Gicciyen ya yi yawo a kan takarda da kusan rabin inci. Na dogara da lambar 100 da ke jikin maɓallin gefen madubi, alhali ba ita ake bi ba, juyawa ake yi har sai gicciye ya daina motsi ko kai ya motsa. Na biyu, kafaɗata. Wani harbin ina rungume ƙota da ƙarfi, wani ina sakinta. Ya ce harsashi yana cikin bututu na ɗan lokacin da bai kai kashi biyu cikin dubu na sakan ba, amma a wannan ƙiftawar bindiga ta riga ta ja baya kusan milimita ɗaya, kuma inda za ta bi ya dogara da abin da ta tarar a bayanta. Tsakanin ƙafafun gaba da jakar yashi kusan inci 30 ne. Gindi ya nutse da kaurin takarda biyu, MOA guda ya tafi. Nan na fahimci dalilin da nauyi ya shigo ƙiyasin Litz: bindiga mai nauyi ba ta motsawa da yawa kafin harsashi ya fita.

Na gyara, na miƙe a bayanta sak maimakon karkace, na sassauta hannun dama, na matse jaka da hagu. Ashirin na ƙarshe inci 0.9. Jimla 185. Na yi odar nauyin ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙota, kilo ɗaya, dala 80.

Asabar, 3 ga Agusta

Wanke bututu, duba layukan fenti, ba wanda ya juya. Da nauyin ta zama kilo 8. Harsashin farko ya kusa ƙarewa, na sayi wasu 200, dala 410, tukunya daban, don haka na sake duba saiti: ya sauka da kusan kwata na inci. Gudu ya hau 2,770. Wani ɓangare halin sabon bututu ne, yakan ƙara gudu bayan harsashi ɗari ko ɗari biyu, wani kuma na tukunyar. Harsashi 30, jimla 215.

Asabar, 17 ga Agusta

Yadi 600 karo na farko. Farantin ƙarfe mai faɗin inci 12, wato MOA biyu, wanda a lissafi bindigata za ta zauna a cikinsa da sarari. Goma na farko, ƙarfe takwas da rabi, tutocin fili a rataye: tara suka buga. Ƙarar ƙarfen tana dawowa bayan an ga farantin ya girgiza, kuma wannan ɗan jiran yana da daɗi.

Ƙarfe goma iska ta tashi daga hagu, tana zuwa tana ɗaukewa. Goma na biyu huɗu kacal suka buga. Waɗanda suka kuskure duk gefe ne, ba sama ko ƙasa ba. Iskar mil 10 a awa da ke bugowa daga gefe tana ture harsashina kusan rabin inci a yadi 100, amma a 600 sama da inci 20 ne. Ma'ana kowane mil ɗaya da na yi kuskuren ƙiyasta inci biyu ne, kuskuren mil uku ya fitar da ni daga farantin ko da na saita tsakiya. Bambancin gungun 0.9 da 1.0 da na shafe wata biyu ina nema, a nan bai wuce inci 0.6 ba.

Mutumin ya nuna mini yadda ake karanta kawalwalniya. Ka ɗan dawo da hasken madubi baya zuwa tsakiyar fili, za ka ga zafin ƙasa yana gudana kamar ruwa. In yana tashi sama yana tafasa, iska ta tsaya ko tana fuskantarka. In ya kwanta yana gudu gefe, ga ta nan. Ya ce in zaɓi yanayi guda in jira shi ya dawo, kada in bi kowace iska da gyara. Da haka ashirin na ƙarshe goma sha huɗu suka buga.

Gudun harsashi ma ya fara magana. Tsakanin mafi sauri da mafi nawa a yau ƙafa 42 ne. A yadi 100 ba a gani, a 600 ya kai inci uku zuwa huɗu sama da ƙasa, a 1,000 zai kusa ƙafa guda. Jimlar harsashi 255.

Asabar, 24 ga Agusta

Lissafi kamar yadda na yi wa uwargida alkawari. Na farko 4,970. Ƙari: dillali 30, na'urar gudu 600, sukundireba 60, shimfiɗa 200, nauyi 80, harsashi 905. Jimla dala 6,845, ban da kuɗin shiga fili da mai. A cikin ƙarin nan, dala 260 na sukundireba da shimfiɗa su suka tsayar da yawon saiti. Rabin MOA da na rubuta a Afrilu ban same shi ba a gungun ashirin, inda nake shi ne 0.9, kuma ba zan canza lambar da ke takarda ba.

Na yi niyyar sauya kunama da wata mai laushi, na fasa. Ba zan taɓa ko noti ɗaya ba har ƙarshen shekara. Bututun irin wannan harsashi yakan kai 2,500 zuwa 3,000 kafin maƙogwaronsa, wato farkon zanen cikinsa, ya cinye, na ci 255, don haka ba zan ƙone saura a yadi 100 ba. Tsarin Satumba: atisaye ba harsashi minti goma bayan isha kullum, yadi 600 kowace Asabar ta biyu, kuma da gangan zan riƙa zuwa da hantsi lokacin da iska ta tashi. Kafin kowane harbi zan rubuta gudun iskar da na ƙiyasta, bayan harbi in rubuta inda ya faɗa. Dattijon ya yarda zai koya mini ɗura harsashi a shagonsa a Oktoba, ya ce in sayi littafin awo na masana'anta in karanta shi kafin in zo, in kuma tara kwansona kada in haɗa tukunya biyu a leda ɗaya. Na ware su yau, 200 na farko a gwangwani ɗaya, sauran a wani.